Durowar Italiya a Shagon Kawu

A watan Janairun 2023 aka kawo durowar nan shagon Kawu da ke bakin kasuwar Omdurman. Ina wurin a ranar, amma ba taya shi aiki na zo yi ba. Inna ce ta ba ni maganinsa na hawan jini da ya manta a gida, ta ce in miƙa masa kafin in haye gada zuwa wurin aikina a Khartum. Ina tsaye sai ga motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar shagon, samari biyu suka sauko da wani abu lulluɓe da bargo. Wata dattijuwa ta fito daga gaban motar, tana ta faɗa musu su yi a hankali.

Da aka yaye bargon sai na ga durowa ce mai aljihu uku, tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba, ƙafafunta huɗu sirara a miƙe suna tsukewa zuwa ƙasa. Ni dai tsohuwar durowa na gani, ta dushe, fatarta ta daddare kamar ƙasar fadama da rani. Har na juya zan tafi, sai na lura Kawu ya miƙe tsaye. Wannan mutum ne da ko masu karɓar haraji suka shigo ba ya tashi daga kan 'yar kujerarsa ta saƙa. Ya je ya wanke hannu, ya goge a jikin rigarsa, sannan ya zo ya ɗora babban yatsa a kan katakon yana bi a hankali.

Ya tambayi Hajiyar inda ta same ta. Ta ce surukinta ne ya saye ta a hannun wani Ba'italiye ɗan kasuwa da zai bar Khartum, shi ma daga Asmara ya zo da ita, kuma ya gaya wa surukin nata cewa irin wannan a ƙasarsu "majjolini" ake ce mata. Tun ranar da aka kai ta gidan miji a unguwar Amarat ta tarar da ita a falo. Yanzu 'yarta ta ƙarshe za ta yi aure bayan Babbar Sallah, tana so ta ba ta. Ta kai wa kafintoci uku, kowa ya ce sai dai a kankare saman a manna fomeka. Daga nan ta buɗe jaka ta fito da wani ambulan, ta miƙa wa Kawu da hannu biyu. Gutsattsarin katako ne a ciki, ƙanana kamar farce. Ta ce shekara da shekaru duk wanda ya ɓalle ya faɗi ƙasa, ba ta bari a share shi. Kawu ya juye su a cikin wani gwangwanin madara, ya rufe, ya ce, "Hajiya, wata biyar. Ba na yi miki alkawarin ƙasa da haka."

Kafin in ci gaba, bari in gaya wa mai karatu ko mu su wane ne, don na san wani zai yi mamakin Bahaushe kafinta a Omdurman. Mu jikokin masu tafiya Makka da ƙafa ne. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'a da yawa suka nausa gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna da mutanensa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Wasu suka biyo baya da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare, suka tsaya tsintar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925. Kakanmu yana cikin waɗannan. Bai kai Makka ba, bai koma Katsina ba. Ɗansa na fari, wato Kawu, yayan mahaifiyata, shi aka kai koyon kafinta yana yaro, a wurin wani usta a Khartum wanda shi kuma a hannun wani Ba'italiye ya koya a Asmara.

Allah bai ba Kawu ɗa namiji ba, saboda haka ni aka sa wa ido. Duk hutun makaranta a shagonsa nake yi, ina shara, ina riƙe masa katako, ina goge ƙafafun angarib, gadon nan na igiya da babu gidan Sudan da ba shi. Ban so aikin ba. Yaron da ya tashi a garin da tun 1940 ake buɗe rediyo da sunansa, muryar da ke fitowa daga akwati ita ce ke burge shi. Kuma, in faɗi gaskiya, kunya nake ji. A makaranta ana tsokanarmu da cewa mu baƙi ne, 'yan aikin ƙarfi, ni kuwa na ƙudura sai na yi aikin da ake yi da farar riga. Ranar da na gaya masa na samu gurbin yin difloma a aikin jarida, bai ce komai ba, ya ɗauke ɗan ƙaramin zarton da ya ware mini ya rataye a ƙusa. Daga ranar ya koma kirana "ɗan rediyo". Na yi fiye da shekara goma ina gabatar da shiri, na yi hira da mawaƙa da likitoci da 'yan ƙwallo, ban taɓa tunanin ɗora makirufo a gaban Kawu ba.

Miƙewar da ya yi a ranar ce ta tsaya mini a rai. Bayan kwana uku na koma, wai na zo gaishe shi. Na tarar ya goge fuskar durowar da tsumma, abin da ke ƙarƙashin dauɗar ya fara bayyana. A tsakiyar aljihu biyu na ƙasa akwai da'ira mai siffar ƙwai, a cikinta tulu mai hannu biyu. Rabin tulun yana jikin aljihun sama, rabi yana jikin na ƙasa, in an rufe su sai ya haɗu ba ka ganin tsaga. Daga wuyan tulun wasu rassa sun fito da ganye, sun nannaɗe hagu da dama. A gefe kuma layuka ne sirara, fari da ja da baƙi, sun zagaye komai. Na ce, "Kawu, wanda ya yi fentin nan ya iya." Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya kama hannuna ya ɗora a kan wani ganye da ya ɗago, ya ce, "Taɓa. Babu fenti a nan. Kowane ganye ice ne daban, an yanka shi an dasa a gurbinsa."

A daren na shiga intanet da kalmar da Hajiya ta faɗa. Ashe sunan mutum ne, Giuseppe Maggiolini. An haife shi a 1738 a Parabiago, wani ƙaramin gari kusa da Milan, ya rasu a can a 1814. Ya fara koyon aikin katako a shagon wani gidan malaman coci da ke garinsu, daga baya labarinsa ya kai fada. A 1771 Ferdinand, ɗan sarauniyar Austiriya Maria Theresa, ya zo Milan a matsayin gwamna, aka gyara masa fada ƙarƙashin jagorancin mai zanen gini Giuseppe Piermarini, Maggiolini yana cikin waɗanda suka yi daɓen katako da kayan ɗakin gidan. Ba shi kaɗai ke zana adon ba. Masu zane irin su Giuseppe Levati da Andrea Appiani sukan zana masa a takarda, shi da ma'aikatansa su mayar da zanen katako. Takardun shagon nasa har yanzu suna ajiye a Milan.

Na kuma gane dalilin miƙaƙƙun ƙafafun nan da tulun. A shekarar da aka haife shi aka fara tono garin Herculaneum, a 1748 kuma aka fara tono Pompeii, garuruwan Rumawa biyu da dutsen Vesuvius ya binne da toka a shekara ta 79. Da Turawa suka ga abin da ke jikin bangayen da aka tono, sai suka gaji da kayan ɗaki masu lanƙwasa da tarin ado da ake yayi a lokacin, suka koma wa miƙaƙƙen layi da daidaiton hagu da dama irin na mutanen da. Salon ya game Turai, a arewacin Italiya kuma hannun Maggiolini ya yi fice har sunansa ya zama sunan kayan. Shaguna da yawa sun kwaikwaye shi, duk durowa mai irin wannan dashe sai a ce mata majjolini, ko ba daga shagonsa ta fito ba. Ta Hajiya babu sa hannu a jikinta, ni kuma ban taɓa cewa tasa ce ba.

Washegari na karanta wa Kawu abin da na samo, ina fassara masa. Bai nuna ya damu da gwamna ko fada ba. Sai da na zo inda ake cewa mutumin yakan yi aiki da ice har iri 86, sannan ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya fara ƙirga nasa da yatsu: bagaruwa, wadda a nan ake ce wa sunut, da maɗaci, da gawo, da aduwa, da magarya, da lemo, da abanus, baƙin icen nan mai nauyi da masu sassaƙa a kasuwar Omdurman ke dasa wa ƙashin raƙumi a jikin sanduna da akwatuna. Ya kai goma sha huɗu ya tsaya. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan ya san daji."

Ni abin da ya fi ba ni mamaki kalmomi ne, tunda su ne sana'ata. Tun ina yaro nake jin Kawu yana cewa mobiliya in yana nufin kayan ɗaki, jamalakka in yana nufin ƙaron da ake goga wa katako ya yi sheƙi, sibirto in yana nufin ruwan da ake narka shi a ciki. Duk na ɗauka Larabci ne, ashe daga Italiyanci suka shigo. Ita kuma kalmar da Italiyawa ke kiran wannan aiki da ita, tarsia, masana harshe suna danganta ta da Larabcin tarsi'i, wato dasa ado a jikin abu. Na gaya masa. Ya ce to ai ba aro ba ne ke nan, bashi aka biya.

Daga nan na zama ɗan shago ba tare da an ce in zama ba. Ranar da ba ni da shiri, can nake wuni. Abu na farko da ya koya mini shi ne dalilin lalacewar durowar. Gangar jikinta katako ne mai arha, adon kuwa falle ne siriri da aka manna a sama. Ice yana shan danshi ya kumbura, in ya bushe ya tsuke. A Milan akwai laima a iska, a Khartum kuwa zafi kan haura digiri 40 wata da watanni, iska a bushe ƙayau, ga habub mai cusa ƙura a kowace kafa. Katakon ciki ya tsuke, fallen sama bai tsuke daidai da shi ba, sai ya ɗago ya tsage. Ya nuna mini bayan wani gutsure, da sawun haƙoran zarto a jiki, kaurinsa kuma wani gefen ya fi wani. Ya ce fallen yanzu inji ke yanka shi da wuƙa, bai kai milimita 1 ba, ko'ina daidai. Wannan kuwa mutum biyu suka ja zarto suka fitar da shi, saboda haka durowar ta girmi inji.

Abu na biyu shi ne gam. Na kawo shawarar a sayo farin gam na roba da kowa ke amfani da shi, ya ce in na ƙara faɗa in bar masa shago. Gam ɗin da aka yi durowar da shi daga fata da ƙashin dabba ake dafa shi. Ana jiƙa shi ya kwana, a ɗora ƙaramar tukunyarsa a cikin babba mai ruwan zafi, kada ya tafasa, a shafa da ɗuminsa. Warinsa ba daɗi, har mai shayin da ke gefenmu ta kawo ƙara. Amma yana da hali guda: ko bayan shekara ɗari, in ka ɗora masa tsumma mai ɗumi da laima zai saki, ka ɗaga fallen lafiya, ka gyara, ka mayar. Kawu ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san wata rana zai mutu, kuma ya san wata rana za ta lalace. Shi ya sa ya bar wa na bayansa ƙofa. In ka sa gam ɗin roba ka toshe ƙofar, wanda zai zo bayanmu sai dai ya fasa."

Abu na uku shi ne ya fi kama da sihiri a idona. Ganyayen da ke jikin durowar kowanne yana da inuwa, gefe guda ya fi duhu, har ka ga kamar ya lanƙwasa. Inda ganye ya ɓace babu shi a gwangwani, Kawu yakan ɗora takarda a kan gurbin ya shafa da fensir, ya manna zanen a kan fallen icen lemo, ya yanka da zarto mai siririn baki kamar zare. Sai ya zuba yashi a kasko ya ɗora a kan gawayi. In yashin ya yi zafi, ya kama ganyen da hantsaki ya tsoma gefensa, ya ƙirga a ransa, ya cire. Gefen ya yi ja-ja, duhun yana raguwa zuwa tsakiya. In ya daɗe ya ƙone, in ya yi sauri bai kama ba. Na gwada sau bakwai, na ƙona bakwai. Akwai ranar da ganye biyu kawai muka dasa daga safe zuwa la'asar.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, muna cikin azumi, mun fito da wuri don mu yi aiki kafin rana ta yi zafi. Yashi yana kan wuta muka fara jin ƙara daga tsallaken kogi. Muka ɗauka abin na awa ɗaya ne ko biyu. Kafin azahar jiragen yaƙi suna shawagi, kasuwa ta watse, an ce faɗa ne ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. Kawu ya lulluɓe durowar da bargon da aka kawo ta da shi, ya kulle shago da kwaɗo biyu, ya sa gwangwanin a aljihu, don dama ba ya barin sa ya kwana a shago. Gidan rediyonmu bai sake buɗewa ba. Aka yi Ƙaramar Sallah a cikin ɗaki. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, maƙwabta suka fara tafiya gida bayan gida.

A watan Yuni na samu wuri a wata motar da za ta Madani, na biya kuɗin mutum biyar. Inna ta shirya, matata da yaran sun shirya, Kawu ya ce ba ya zuwa. Na ɗauka gida yake ji, sai ya ce, "Kayan mutane yana hannuna." Mun yi ta kiran lambar Hajiya ba ta shiga, Amarat kuwa tana kusa da filin jirgin sama, inda wutar ta fi ci. Na ce, "Kawu, katako ne fa." Ya ce, "Amana ce." Na ce ko malamai sun ce rai yana gaba da dukiya, kuma abin da ya salwanta ba da sakacinka ba babu ramuwa a kanka. Ya ce ya sani, amma shi ya ce wa matar wata biyar, kuma bai taɓa mayar wa mutum da kaya ba a gama ba.

A nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na ɗaga masa murya a gaban Inna. Na ce shekara hamsin yana shaƙar ƙurar katako bai ajiye ko kuɗin mota ba, yanzu kuma yana so ya mutu a kan durowar masu kuɗi. Gidan ya yi tsit. Bai amsa mini ba. Inna ce ta sauke jakarta daga ka, ta zauna a kan angarib, ta ce, "Yaya, in ba ka tafi ba ni ma ina nan." Ita ta fitar da shi, ba hujjojina ba. Da asuba ya fito da 'yar jakarsa. Da aka tsayar da mu a wani shinge aka zazzage kayan kowa, sai na ga abin da ke cikin tasa: riga biyu, magani, gwangwanin madara, da ƙaramin zarton nan da ya rataye a ƙusa ranar da na bar shago. Ban san lokacin da ya ɗauko shi ya kawo gida ba.

Mun yi wata shida a Madani. A watan Disamba yaƙin ya iso can ma, muka sake ɗaukar kaya zuwa Gadarif, wurin dangin Inna. A can yanar ido ta rufe wa Kawu ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Duk tsawon lokacin bai ambaci durowar ba, ni ma ban ambata ba, kuma ban ba shi haƙuri ba. Kullum sai in ce gobe.

A watan Yulin 2025, bayan faɗa ya lafa a babban birnin, na koma Omdurman ni kaɗai don in ga gida. Na riga na ji cewa hatta Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartum an kwashe kayansa, saboda haka ban sa rai da komai ba. Duk da haka da na tsaya a ƙofar shagon ƙafata sai da ta yi sanyi. Babu ƙofa, babu teburin aiki, babu ko guduma. Wani dattijo maƙwabcin shagon da bai bar garin ba ya gane ni. Ya ce wasu masu bindiga ne suka fara fasa shagunan layin, suka ɗebi abin da za su iya sayarwa, suka ɓalle hannayen tagulla na durowar, suka jefar da ita a titi. Ta yi makonni a rana. Daga nan ya sunkuyar da kai. Ya ce lokacin da gas da gawayi suka ƙare, matasan unguwa da ke dafa abincin takiyya, girkin taimako da ake raba wa waɗanda suka maƙale, sun bi layi suna tsintar duk abin da zai ci wuta. Shi da hannunsa ya taya su farfasa ta. A ƙarƙashin tukunyar adas ta ƙare.

Na kira Gadarif da daddare, na ce a ba Kawu wayar. Na gaya masa komai ban rage ba. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce, "Icen da ya daɗe haka yana bushewa, ai ba zai ba su wahalar hayaƙi ba." Sai na ji ya miƙa wa Inna wayar.

Sai da na yi wata biyu ina cigiya kafin na samu lambar Hajiya ta hannun wani abokin aiki. Tana Alƙahira, a ɗaki biyu na haya ita da jikoki. An ɗaura auren 'yar a can ba biki. Da na fara yi mata bayani sai ta katse ni, ta ce gidan Amarat ɗin ma ko taga ba a bari ba, in gaya wa Usta ta yafe duniya da lahira, kuma yaya jikinsa? Da na koma Gadarif na isar da saƙon, ina murna nauyi ya sauka. Kawu ya ce, "Durowa ta yafe. Ambulan fa? Wannan a tafin hannuna ta sa shi."

Ya sa na zazzage gwangwanin a kan faranti muka ƙirga. Gutsure 41 na asali, da ganye 16 da shi ya yanka bai kai ga dasawa ba. Ya ce in nemo busasshiyar bagaruwa a kasuwa, za a yi ƙaramin akwati, a dasa su a murfin. Na ce wa zai yi, tunda ba ya gani? Ya laluba jakarsa ya fito da zarton, ya miƙo mini ta wajen mariƙin. A nan ne na durƙusa na ba shi haƙurin maganar da na faɗa a Omdurman. Ya ce, "Ɗan rediyo, surutu ya isa. Je ka jiƙa gam."

Yanzu wata na huɗu ke nan muna kan murfin. Gutsattsarin ba za su sake zama tulu ba, sai muka jera ganyen a da'ira, layukan fari da ja suka zagaye su. Ni ke yanka gurbi, ni ke shafa gam, shi kuma ya bi da babban yatsa. In ya ji wani gefe ya ɗago ko da kaurin gashi ne, sai ya ce a kawo tsumma da ruwan zafi. Akwai ganye ɗaya da ya sa na cire sau huɗu. Kafin mu fara kullum nakan jingina wayata a jikin gwangwanin in kunna ɗaukar murya, ina tambayarsa yana ba ni labarin ustansa, da sunayen itatuwa, da yadda ake gane gam ya yi. Ya san ina ɗauka, ya ce ba ruwansa, in dai hannuna bai tsaya ba.

Akwai wani direba da ke bin hanyar Wadi Halfa zuwa Masar, ya ce zai kai wa Hajiya akwatin in an gama. Ya tambaye ni yaushe. Na waiwaya na tambayi Kawu, ya ce saura ganye tara, a gaya masa wata biyu, ba ya alkawarin ƙasa da haka.